Makunnin Motar Alƙali

Litinin, da hantsi

Motar Alƙali ta dawo gareji. Da igiya aka janyo ta, shi kuma yana zaune a bayan sitiyari ya miƙe wuya kamar shi ke tuƙi. Ya daɗe da ajiye aiki, amma har yau Alƙali muke ce masa. Motar ta girme ni. Tun da ta shigo hannunsa babu wanda ya taɓa wayarta sai ni, kafin ni kuma sai maigidana da ya koya mini wayarin, Allah ya jiƙansa.

Ka murɗa makulli, shiru. Ka kunna fitila, ta yi ƙyaf-ƙyaf ta mutu. Ko bonet ban buɗe ba na ce masa makunni ne. Irin na da ne, abu ɗaya mai aiki biyu: makulli a tsakiya yana ba inji wuta, zobe mai ɗan hannu a kewaye da shi yana kunna fitilu.

Ya ce, "Ana samun sabo?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya ƙera wannan, jikokinsa ma sun tsufa. Gyara shi za a yi."

Ya tambayi Injiniya. 'Yata ke nan, ita kaɗai Allah ya ba mu, kuma shi ya laƙaba mata sunan tun tana miƙo mini filaya da hannu biyu. Na ce tana lafiya, tana wajen mijinta. Wajen mijinta take, gida da aiki duka. Yana da shago a babban titi inda suke jona wa mota kwamfuta ta faɗa musu ciwonta.

Na cire makunnin daga dashbod. Ƙwan fitilar garejin nan ya rage haske.

Talata, bayan azahar

Bayan makunnin baƙar roba ce mai tauri, kunnuwan ƙarfe ne suka riƙe ta. Sai an ɗaga su a hankali, don in ɗaya ya karye shi ke nan. Na ɗaga su lafiya. Ina zare murfin sai na ji wani abu ya yi tsalle. Na san ko mene ne: ɗan sifirin da ƙwallonsa, wanda ke sa zoben ya yi ƙas ya tsaya a inda aka juya shi. Ƙwallon bai kai ƙwayar wake ba. Na ji faɗuwarsa, na ji gangarawarsa.

Na durƙusa na lalube ƙasa har gwiwata ta yi tsami. Na share wurin na tankaɗe sharar. Babu.

Da can Injiniya ke rufe abin da tafin hannu in zan buɗe. Ba sai na ce mata ba.

Laraba, da safe

Na canza ƙwan fitila. Sabon ma haka yake. Kayan yanzu.

Alhamis, da yamma

Sun zo, Injiniya da mijinta, Mai Kwamfuta. A littafin nan kawai nake kiransa haka. A gabansa ba na kiransa komai, amsa gaisuwa kawai nake yi. Ya durƙusa har ƙasa kamar kullum. Da ma a ce mara kunya ne, da na san inda zan kama.

Injiniya ta ga makunnin a baje a kan tebur ta ce, "Baba, ka buɗe ba ka kira ni ba?"

Na ce, "Kina da aikinki."

Ta ce, "Ina ƙwallon?"

Ta sunkuya, ta ɗauko shi a gefen takalmina. A gefen takalmina. Shi kuma ya miƙa hannu a kan teburin, daidai gabana, ya ɗauko sifirin ɗin ya ajiye a cikin murfin gwangwani. Na ga sun kalli juna. Ko dai na ga sun juya kai, na san kallon juna suka yi.

Ya fito da wayarsa ya ɗauki hoton kayan yadda suke a jere, har da farantin tagullar da ban riga na ɗaga daga mazauninsa ba. Wai yana da sha'awar tsofaffin kaya. Na ce hoton makunnin nan yana cikin kaina tun ba a haife shi ba. Ya yi dariya ya ce, "Gaskiya ne, Baba."

Ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Da za su tafi ta ce, "Oga, ka ɗauko jakata a mota."

Na ɗaga kai zan amsa. Ashe ba da ni take ba.

A garejin nan tun tana 'yar ƙarama, a gida ni Baba ne, a wurin aiki Oga. Ita ta raba abin haka da kanta.

Juma'a, da safe

Oga.

Asabar, bayan la'asar

Na wanke farantin tagullar. Ya yi kore saboda daɗewa, shi ya hana wuta wucewa. Na goge shi da sanfefa mai laushi har sai da ya yi santsi a ƙarƙashin babban yatsana. Wannan aikin yatsa ke yin sa. Na zare gidan makullin, na wanke da kananzir, na busar, makulli yana shiga yana fita kamar sabo.

Maman Injiniya ta kawo mini abinci gareji, abin da ba ta saba yi ba. Ta zauna a kan tsohuwar taya ta sake tayar da zancen nan.

Ta ce, "Jiya maƙwabcinmu ya ce ya ɗaga maka hannu a bakin titi ka wuce shi."

Na ce, "Tunani nake yi."

Ta ce, "Gishirin da ka zuba a shayi ma tunani ne?"

Na ce ta bar ni in ci abinci. Ta ce Injiniya ta yi magana da wani a asibiti. Na ce wa ya aike ta. Ta ce mijinta ne ya san mutumin.

To. Har cikin wannan ma ya shigo.

Litinin, da azahar

Na sayi alƙalami mai kaurin baki. Wancan tawadarsa ta dusashe.

Laraba, da yamma

Ban so rubuta na yau ba.

Na haɗa makunnin da safe. Na liƙe ƙwallon a kan sifirin da ɗan giris don kada ya sake gudu, na ɗora farantin, na rufe, na lanƙwasa kunnuwan. Zoben yana ƙas-ƙas yadda ya kamata. Na mayar da shi dashbod, na ɗaura wayoyin. A bayan robar akwai 'yan haruffa kusa da kowane sukuru masu nuna wace waya ke zuwa ina. Sun goge. Ina ganin sun goge. Wayoyin kuma irin masu rigar zare ne, tsufa ya mai da su duk kala ɗaya.

Na jona batir. Alƙali ya shigo daidai lokacin, da sandarsa. Na ce ya zo a sa'a. Na murɗa makulli, inji bai ce uffan ba, sai ƙananan fitilu suka kama. Na juya zoben. Hancina ne ya fara gaya mini. Alƙali ya ce, "Hayaƙi fa, ga shi nan a ƙarƙashin sitiyari." Na fizge kan batir.

Waya ɗaya ta ƙone. Makunnin bai narke ba, Allah ya taimaka.

Alƙali bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini. Ya zauna a benci ya ce tsohuwar mota sai haƙuri, kamar mai ita. Can ya ce, "Af, surukin nan naka ya gyara wa 'yata motarta kwanaki. Yaro mai hankali. Hannunsa da kyau. Ka yi dace."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ya ce, "Ko za ka kira shi ya kama maka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan motar ba ta da wurin jona kwamfuta."

Na sake cire makunnin. Yana kan tebur.

Alhamis, da hantsi

Hannunsa da kyau.

Juma'a, bayan la'asar

Na fita neman waya mai kauri irin wadda ta ƙone. Hanyar ba ta biyo ta shagonsa ba, amma na biyo. Na tsaya a tsallaken titi, a gindin wata rumfa.

Shagon fes, ƙasa da siminti mai fenti, fitilu dogaye a sama ko da rana. Mutum biyu cikin shuɗin kayan aiki sun sunkuya a kan inji ɗaya, kansu a haɗe. Na daɗe ina kallo. Ban iya ware wace ce 'yata ba sai da ta yi dariya.

Dariyar nan da take yi idan an gano ciwon mota. Na san ta. Ni na fara jin ta.

Na dawo ban sayi wayar ba.

Lahadi, da yamma

Injiniya ta zo ita kaɗai, Mamanta ta gaya mata zancen hayaƙin. Ta tarar da ni a gareji, ta naɗe hannun riga ta jawo kujera.

Ta ce, "Baba, farantin nan ka kifa shi. Oga ya ɗauki hotonsa ran nan, bari in kira shi ya turo."

Na ce, "Ba na so."

"Hoto ne kawai."

"Na ce ba na so. In kin zo taya ni, ki taya ni da abin da na koya miki. In kuma kin manta, ki koma inda ake tambayar waya."

Sannan ta ce, "Ban manta ba. Kai ne ba ka..." Ta tsaya.

Na ce, "Ƙarasa."

Ta ce, "Baba, saboda Allah, mu je a duba ka."

Na faɗi maganganu. Na ce tun da ta samu sabon oga ta fara ganin tsufana. Na ce su biyun jira suke in kasa su kwashe mini mutanena, sun fara da Alƙali. Na ce kada ta sake kawo mini shi gareji. Ta saukar da hannun rigarta, ta mayar da kujerar inda take, ta ce, "Sai an jima, Baba."

Mamanta ba ta yi mini magana ba har yanzu. Kwanuka kawai ke magana a kicin.

Litinin, da yamma

Ba ta zo ba.

Talata, da yamma

Ba ta zo ba, ba ta kira ba. Na kifa farantin na birkice shi ya fi a ƙirga. Ta kowane gefe yana zama daidai a hannu. Ɗan alamar da ke nuna sama ɗigo ne da aka buga a tagullar, kuma ina jin na goge shi da sanfefa da kaina.

Laraba, da azahar

Alƙali ya aiko tambaya. Na ce ana kai.

Yanzu haka Injiniya tana can tana miƙa wa Mai Kwamfuta filaya.

Juma'a, bayan la'asar

Mai Kwamfuta ya zo. Shi kaɗai. Na ji sallama a bakin ƙofa, na ga mutum ya tare haske, na ɗauka mai mota ne har na ce ba na karɓar aiki. Ya ce, "Ni ne, Baba."

Na ce, "Ba ta gaya maka abin da na ce ba?"

Ya ce, "Ta gaya mini. Shi ya sa ban shigo ba, ina bakin ƙofa."

Ya tsaya a nan cikin rana. Ni kuma na ci gaba da juya farantin. Na so ya gaji ya tafi. Bai tafi ba. Daga ƙarshe na ce ya matsa daga ƙofa yana tare mini haske, ko ciki ko waje. Ya zaɓi ciki.

Ya ce ba ta san ya zo ba. Ya ce bai taɓa buɗe irin wannan makunnin ba, yana so ya ga yadda ake haɗa shi kafin su ƙare a duniya. Na san dabara ce. Yadda ake lallashin tsoho ke nan, a ce masa a koya. Na ce, "To nuna hoton naka."

Ya miƙo wayar. Na ce ya duba da kansa ya faɗa mini, hannuna da giris.

Ya ce, "Harshen farantin mai faɗi yana kallon sukurun da ke da harafi biyu."

Na ce, "Wane sukuru ne mai harafi biyu?"

Ya kama yatsana ya ɗora a kai.

Haka muka yi. Ni na san abin da ke bin wani: gidan makulli tukuna, sannan zobe, sannan sifirin da ƙwallo, sannan faranti, sannan murfi. Na nuna masa yadda ake danne murfin da babban yatsa ana lanƙwasa kunnuwan ɗaya nan ɗaya can, ba a jere ba, don kada robar ta tsage. Shi kuma yana karanto haruffan. Ya sa mitarsa ta gwada wuta a kan sukurorin, ina juya zoben yana cewa akwai, babu, akwai. Sau ɗaya na faɗa masa abu ya kama. Abin haushin ke nan. Na yi ta jiran ya yi kuskure, bai yi ba.

Da muka gama yana goge hannu ya ce, "Kwana biyun nan ba ta cin abinci sosai."

Na ce, "Kai ne mijinta, ka ba ta."

Ya ce, "Da na ce a yi abu kaza a shago sai ta ce Baba ba haka yake yi ba. Kullum. Har yaran shago sun haddace. Wani lokacin, wallahi Baba, haushinka nake ji."

Na ce masa ya ɗauko tsumma mai kyau, wannan ya yi datti. Ba na so ya ga fuskata.

A bakin ƙofa ya juyo ya ce mahaifinsa ma ya yi irin wannan, an yi masa aiki, yanzu har zare yake sa wa allura. Na ce ban tambaye shi ba. Ya ce, "Haka ne, Baba. Gobe zan kawo irin wayar da ta ƙone."

Asabar, da safe

Haushina yake ji. Na kwana ina juya maganar. Ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

Asabar, da yamma

Ya zo da wayar, ya zo da Injiniya. Ta gaishe ni a tsaye daga nesa. Na ce, "Injiniya, shiga ƙarƙashin dashbod ɗin nan, ke ce mai ƙaramin hannu." Ta ɗan tsaya, sannan ta shiga. Iyakar ban haƙurin da na iya ke nan, kuma ta karɓa.

Ta ɗaura wayoyin, shi ya jona batir. Na zauna a kujerar direba na murɗa makulli. Motar ta yi tari sau biyu ta tashi. Na juya zoben: ƙas, ƙananan fitilu. Ƙas, manya. Suna gaba suna faɗa mini. Injiniya ta yi dariyar nan.

Na kira Alƙali, ya zo. Al'adarmu da shi, duk ranar da na gama aiki ni ke tuƙa shi mu zaga unguwa ya ji motar. Ya buɗe ƙofa ya zauna a gefe ya ɗora sandarsa a cinya. Na kama sitiyari. Ƙofar gareji a buɗe, titi a gaba. Ina jin muryoyin yara suna buga ƙwallo a wajen. Muryoyinsu nake ji.

Na daɗe a haka, inji yana aiki.

Na fito. Na ce, "Ranka ya daɗe, yau Injiniya za ta zaga da kai."

Ya ce, "Ai ta isa."

Suka fita. Muka tsaya ni da Mai Kwamfuta muna jin ƙarar motar har ta sha kwana. Na ce masa, "Mutumin nan naka na asibiti, yaushe yake ganin mutane?"

Da suka dawo Alƙali ya ce in ba shi lambar surukina, ko da wani abu zai taso ina hutawa. Da bakina na karanto masa. Ban san ma na haddace ta ba. Kowace lamba da na faɗa kamar ana cire mini haƙori.

Talata, da azahar

Mun je. Sun haska, sun ɗiga magani, sun sake haskawa. Idon dama za su iya yi masa aiki. Na hagu sun ce na bar shi ya yi nisa, sai yadda Allah ya yi. Maman Injiniya ta buɗe baki za ta ce ai ta faɗa, ta rufe. Allah ya saka mata.

A hanyar dawowa su biyun suka yi ta gardamar wanda zai kwana da ni ranar aikin. Na ce shi. Namiji ne, zai iya kama ni zuwa bayi. Injiniya ta ce, "Tun yaushe kuka zama abokai?" Ta juya ta kalli taga har muka iso gida.

Ta ɗanɗana kishin ita ma.

Alhamis, da safe

Na rufe gareji. Gobe ne.

Laraba, da hantsi

Sun hana ni rubutu, amma Mamanta ta fita kasuwa.

An cire bandejin. Na hagu yana nan yadda yake. Na dama kuwa, da farko haske ne kawai mai zafi, sai abubuwa suka fara samun baki. Na ga furfurar Maman Injiniya, ban san ta kai haka ba. Na ga Injiniya, ta rame, akwai baƙin mai a ƙarƙashin faratanta.

Sai na ga mutumin da ke tsaye a bayanta, hannunsa a kafaɗarta. Tun ranar da ya fara zuwa gidan nan ban taɓa ganin fuskarsa sosai ba. Na zana masa wata a raina, mai ƙaton hanci, na zauna da ita lafiya.

Ya sunkuyo ya ce, "Baba, kana gani?"

Na ce, "Ina gani."

Ashe har kyau gare shi. Wannan ma sai na haƙura.